Gwanjon Jega a Akwatin Mai Jego

A shekarar da jikata ta yi haihuwar fari, na riga na daɗe da ajiye alli. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a makarantun firamare tsakanin Jega da Aliero, na kuma yi ritaya ina shugabar makaranta. Har yau idan na bi ta bakin kasuwar albasa, magidanta masu furfura a gemu sukan sauko daga kan buhu su rusuna su gaishe ni. Na faɗi wannan ne domin mai karatu ya san irin matar da ta tsuguna wata rana a rumfar gwanjo tana tona tsummokara da hannunta.

Jikar nan a hannuna ta tashi. Mahaifiyarta, wadda ita ce 'yata ta biyu, ta rasu ta bar ta tana ƙarama, ni na yi mata kitso, ni na kai ta makaranta. Da ta gama sakandare ta auri wani malamin gona ɗan Giwa Tazo, a ƙasar Maiyama, yaro mai ladabi wanda ita ta kawo mini shi da kanta. Da cikinta ya tsufa aka kawo ta gidana a Aliero goyon ciki. Allah ya sauke ta lafiya, aka sami mace, aka yi suna, muka shiga hidimar wankan jego: itace, ganyen darbejiya, tukunyar ruwan zafi safe da yamma, da kunun kanwa wanda take sha tana yamutsa fuska.

Al'adarmu ita ce idan mai jego ta yi arba'in, dangin uwa su ne ke mayar da ita ɗakinta, da gara, da akwatin kayan jaririya. Matan gidan miji sukan taru a tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, a buɗe akwatin, a riƙa ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya kowa yana gani. Abin da aka gani a wannan yini shi ake tuna wa yarinya shekara da shekaru, musamman idan magana ta haɗa ta da matan 'yan'uwan mijinta. Gidan da jikata take babba ne, mata sun fi goma. A cikinsu akwai gwaggon mijinta, dillaliya ce mai yawo da kayan sawa gida gida, ba ta ganin tufa ba ta san daga inda ta fito ba, kuma ba ta sani ta yi shiru. Jikata kuwa marainiya ce. Na san idan akwatin nan ya ba da kunya, za a ce ai dama ba ta da uwa, kuma wannan kalma za ta bi ta duk inda ta zauna a gidan.

Gara ba ta ba ni wahala ba. Ƙanena ya aiko da shinkafa daga fadamarsa, maƙwabta suka taya ni tuyar alkaki da dubulan. Akwati ne ya tsaya mini a rai. Tsadar wannan shekara ta kai inda ta kai, fansho kuwa kowa ya san halinsa. Ranar kasuwa na bar mai jego da ƙanwata, na shiga mota zuwa Jega.

Na bi shagunan kayan jarirai ɗaya bayan ɗaya. Kaya ne masu ƙyalli, kowanne a cikin leda, an lanƙwasa shi a jikin kwali mai hoton jariri. Na sa aka buɗe mini ɗaya, na ja ɗinkin gefensa kaɗan, sai ga zare yana murmushi. Yadin kuwa roba ne, ga shi muna tsakiyar bazara, lokacin da ko babba yake neman ya tuɓe fatarsa. Masu kyau na gaske hannuna bai kai gare su ba. Waɗanda hannuna ya kai kuwa, ko kyauta aka ba ni ba zan sa wa jinina ba. Mu da muka yi kwalejin horon malamai mata a wancan zamani, ba a ba mu takardar shaida sai kowacce ta ɗinka rigar jariri da allura, malama ta juya cikinta waje ta duba a gaban aji. Wanda ya sha wannan horo ba ya iya rufe ido ya sayi ƙyalli.

A kan hanyar komawa tasha na bi ta layin 'yan gwanjo. An buɗe sabuwar dilar kayan gwanjo, mutane sun rufu a kai. Na tsaya daga nesa na ɗan lokaci, ina duba ko akwai idon sani, daga baya na ji kunyar wannan dube-duben nawa, na gyara mayafina na shiga. Ashe mai rumfar ma tsohon ɗalibina ne, ya zama magidanci har da tumbi.

"Malama! Ke ta? Mi ya kawo ki cikin tsumma? Da kin aiko ai da na kawo miki gida."

"Da na aiko da ka zaɓo mini abin da ba ya sayuwa," na ce. "Fito mini da rigunan maza, na auduga zalla, kuma manya. Na Turawan nan masu ƙiba nike so."

"Malam maigidanki ai ya daɗe da rasuwa, Allah shi jiƙan shi. Wa za ya sa su?"

"Wadda ba ta yi wata biyu a duniya ba."

Ya dube ni, ya jawo mini benci, na ƙyale bencin na tsuguna, ya fara jibgo riguna a gabana. Kowacce na ɗauka sai na murza ta a tafin hannu, na ɗaga ta ga rana in ga ko saƙarta ta yi sirara. Wadda ta tsallake wannan, sai na zare zare guda daga gefenta na ce ya ba ni ashana. Zaren auduga yakan ci wuta ya zama toka mai laushi, ya yi ƙamshin takarda. Na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi baƙi.

"Malama, don Allah kar ki ƙona mini rumfa. Ita kaɗai gare ni."

"Kai da ka yi shekara biyu a aji huɗu saboda bakwai sau takwas, yau kai ke koya mini hankali?"

Maƙwabtansa suka fashe da dariya, shi ma ya yi, ya ce har yanzu da yatsu yake ƙirga shi. Na tashi da riguna farare, da masu siraran layuka shuɗaye, da wata mai ruwan ƙwai, da zanen gado mai laushi kamar kunnen ɗan akuya, da wani siket na mata wanda leshin bakinsa kaɗai nake so. Abin da masu raina gwanjo ba su sani ba shi ne, audugar da ta sha wanki shekaru ta riga ta zubar da duk kaushinta. Sabon yadi ba ya kama ƙafarta wajen taushi.

Gwanjo yana da wari nasa na dila, wanda ko makaho ya shaƙa ya san shi. Sau uku na wanke kayan da ruwan zafi da sabulu, na jiƙa su da ruwan lemun tsami, na shanya a ranar Aliero, wadda ba ta barin komai da rai. Bayan haka na zauna da reza na warware kowane ɗinki, har riga ta koma falle-falle. Na goge su da dutsen guga na gawayi. Wuya da hammata da gwiwar hannu na zubar, domin nan ne tsufan riga yake ɓoyewa, haka nan duk inda tsohuwar allura ta bar huda na datse shi. Bayan riga shi ne naman. Daga bayan riga guda ana fitar da rigar jaririya har da hula. Na yanka ma'auni a takardar buhun siminti, na zana da alli, na sa almakashi.

Keken ɗinkina mai ƙafa ne, na saye shi tun ina sabuwar malama, kuma ban taɓa barinsa ya yi ƙishin mai ba. Kowace safiya, idan an gama wanka an ba mai jego kunu, sai in jawo shi bakin ƙofa inda haske yake, in yi ta aiki har kiran azahar, don idona ba ya ɗaukar fiye da haka. Ɗinkin ɓoye na yi wa kowace riga. Ana fara haɗa yadin ta waje, a datse bakin, a juya, a sake bi ta ciki, sai bakin yadin ya shige cikin ɗinkin ya ɓace, babu abin da zai gogi fatar jariri. Aiki biyu ne a madadin ɗaya, shi ya sa teloli ba sa yi. Ban sa maɓalli ko ɗaya ba. Igiyoyi na yi sirara na ɗaurewa a kafaɗa. Lafin bakin rigunan kuwa da hannu na bi shi, ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero. Zanen gadon ya ba ni shawul biyu da majanyi, leshin siket ya zagaye wuyan riguna uku.

Jikata tana kallona daga kan gado, jaririya a ƙirjinta, kuma na lura kullum kayan suna ƙaruwa fuskarta tana ƙara nauyi. Wata safiya ta kasa daurewa.

"Kaka, gwanjo fa ne."

"Na sani. Ni na sayo shi."

"Kin dai san Gwaggo. Wallahi ko a cikin duhu ta taɓa sai ta gane. Ke kina dawowa Aliero abinki, ni za a bari da su."

"Zo ki duba ɗinkin nan, ki gaya mini shagon da ke da irinsa."

"Su ba ɗinki suke dubawa ba, Kaka. Leda suke dubawa. In babu leda, ba sabo ba ne."

Na ce mata ni ban taɓa jin an sa wa jariri leda ba. Ta juya fuska bango. Maganarta ta tsaya mini, domin gaskiya ta faɗa, ita za a bari da su. Amma na riga na ga abin da ke fita daga ƙarƙashin allurata, kuma na san ba abin kunya ba ne. Na ci gaba da taka keke. Kafin arba'in na cika akwati, na jera kayan da hannuna, na sa turare a tsakaninsu, na rufe.

Ranar mayarwa muka ɗauki mota ɗaya, ni da ƙanwata da maƙwabta biyu da mai jego, gara a baya. Lokacin cirar albasa ne, ko'ina ka duba a gefen hanya mutane sun tsuguna suna yanke ganye suna tarawa, ƙamshinta yana shigowa ta taga. Muka isa Giwa Tazo da hantsi, aka tarbe mu da guɗa. Uwar mijin jikata, mace doguwa marar yawan magana, ta riƙe hannuna har kan tabarma. Aka kawo ruwa da fura. Aka buɗe gara, aka yaba, aka sa albarka. Sa'an nan aka jawo akwati tsakiya, gwaggon miji ta gyara zama a gabansa, domin ita ce mai ɗaga kaya a duk wata hidimar gidan.

Ta ɗaga murfin. Kayan da na jera da hannuna, ga su kowanne a cikin ledar shago, an lanƙwasa shi a jikin kwali. Na dubi jikata, ta sunkuyar da kai. Nan take na gane abin da ya faru. Ledojin kayan barka da mutane suka kawo ranar suna ta tara, ta zura ɗinkina a ciki ba da sanina ba.

Gwaggo ta ɗauki na farko, ta juya shi gaba da baya, ta yi ɗan murmushi.

"Ikon Allah. Ku duba mini nan, mata. Kwali ya nuna yaro namiji da wando da ƙwallo, ciki kuwa rigar mace. Wane shago anka sayo wanga?"

Ta zare rigar, ta murza, ta kai hanci.

"Yadin ga ya sha ruwa. An wanke shi, ba sau ɗaya ba. Ni dai tun ban yi furfura ba nike yawo da kaya, ban taɓa ganin sabo ya zo da wanki ba. Malama, ko kamfanin ne sunka fara wanke wa mutane?"

Wata ta ƙyalƙyale da dariya a baya, wata ta rufe baki da mayafi. Na ga hawaye ya ɗiga a kan zanen jikata. Da a ce babu ledojin nan, da talauci kaɗai za a ce; yanzu kuwa an kama mu da abin da ya yi kama da yaudara, a gaban dukan gida.

Na miƙe tsaye. Ba a saba ganin baƙuwa ta miƙe a irin wannan zama ba, amma ni a tsaye na saba magana, kuma muryar da na yi shekaru ina tsayar da yara a fili da ita ba ta tafi ko'ina ba.

"Hajiya ta yi gaskiya, kuma idonta ya cancanci yabo. Ledojin nan ba na kayan nan ba ne. Kayan nan kuma ba daga shago suka fito ba. Gwanjon kasuwar Jega ne, rigunan maza, ni na tsuguna na zaɓo su, na wanke, na warware, na yanka, na ɗinka wa tattaɓa-kunnena da hannuna. Tunda Hajiya ta san kaya, ina roƙonta ta nuna wa matan gidan nan inda gwanjon ya rage a jikin rigar da ke hannunta. In ta nuna, in kwashe kayana in koma da su."

Gwaggo ta ce, "Wannan ai mai sauƙi ne," ta juya cikin rigar waje. Ta bi gefe da yatsa tana neman bakin yadi, ba ta samu ba. Ta duba wuya ko akwai gurbin tambarin da aka cire. Ta ɗaga ga rana tana neman hudar tsohuwar allura. Ta kama gefe biyu ta ja da ƙarfi, har na ga jijiyar hannunta, ɗinkin bai ko motsa ba. Ta ajiye, ta ɗauki ta biyu, ta uku, tana yage ledoji tana jefarwa. Ta juya wata rigar, ta sake juyawa, ta kuma juyawa, sa'an nan ta ɗaga ta sama domin ta yi magana, sai wata matashiya daga cikin matan gidan ta ce:

"Gwaggo, ai baibai kinka riƙe ta."

"Ke rufe mini baki, daidai take."

"Wallahi baibai ta. Ga leshin can ciki."

Dariyar da aka yi a wannan karo ta fi ta farko ƙarfi, kuma ba mu ake yi wa ba. Mata suka matso, hannuwa suka yi yawa a cikin akwati. Wannan ta ce a miƙo mata mai layuka, waccan ta ce ita hular take son gani. Wata tsohuwa ta kai lafin kusa da idonta ta daɗe tana kallo, ta ce rabonta da ganin irin wannan ɗinki tun tana budurwa.

Ana cikin haka sai uwar miji ta matso. Ta miƙa hannu aka ba ta farar riga guda, ta goga ta a wuyanta, ta ce a kawo mata jaririyar. An yi wa yarinyar ado da wata riga mai ƙyalli cikin kayan barka, tana ta tsala kuka, wuyanta ya yi ja. Uwar miji ta tuɓe mata ita, ta sa mata tawa, ta ɗaura igiyoyin kafaɗa a hankali. Ba zan ce ta yi shiru nan take ba, domin yunwa ma tana cikin abin da ke damunta, amma rigar ta zauna mata kamar a jikinta aka yanka.

"Wa ya sa kayan ga cikin leda?" uwar miji ta tambaya.

Na buɗe baki zan ɗauki laifin, sai jikata ta riga ni.

"Ni ce, Inna. Kaka ba ta sani ba. Kunya na ji."

"Kunyar mi, ɗiyata? Duk wadda ke zaune nan an kawo ta da akwati, ni na gani da idona. Wa anka taɓa zama anka yi wa ɗanta ɗinki ɗaya ɗaya haka? Mu kuɗi munka ba mai shago. Ke kuwa zama anka yi miki. Ɗaga kanki."

Ta tattara ledojin da kwalayen da ke warwatse a kan tabarma, ta miƙa wa gwaggo.

"Yaya, riƙe. Ke ce mai sana'arsu, kar su lalace."

Gwaggo ta karɓa, domin babu yadda za ta yi, har ita ma ta yi dariya. In ba ta haƙƙinta, mace ce mai sanin abin da ya fi ƙarfinta. Da muka tashi yin alwala ta biyo ni bakin randa, ta rage murya ta ce, in ta riƙa kawo mini riguna daga Jega, guda nawa zan iya fitarwa a mako? Na gode mata, na ce ni malama ce mai ritaya, ba tela ba, amma duk matar gidan da ke son koyo ƙofata a buɗe take, har da ita.

Uwar miji ta saɓa jaririyar a kafaɗa, ta kai ta zaure da kanta domin maigida da baƙinsa su gani. Muka ci tuwon shinkafa, muka yi sallar azahar, direba ya aiko cewa rana tana yi. Na yafa mayafina na nufi inda jikata take domin mu yi bankwana, ina tsammanin za ta riƙe ni tana kuka kamar ranar da aka kai ta gidan miji. Na same ta a tsakiyar tabarma, kusa da uwar mijinta, matan gidan sun kewaye ta. Ta juya cikin wata riga waje a kan cinyarta tana nuna musu da yatsa inda ake fara bi da inda ake juyawa, muryarta har bakin ƙofa. Sai da na yi mata sallama sau biyu kafin ta ɗago.